Muryar Inna a Wayar Kowa

Kwana uku ke nan rana ba ta leƙo ƙauyen Indabo ba, tsummokaran kuma sun ƙi bushewa. Inna Safara'u ta ɗaura musu igiya a ƙuryar ɗaki, bayan buhunan gero, inda ko ɓera sai ya yi da gaske kafin ya gan su. Tana tsugune tana matse na ƙarshe a cikin wata tsohuwar roba, sai ta ji an yaye labule.

"Salamu alaikum. Inna, wannan wane irin duhu ne da rana tsaka?"

Auta ce. Sunanta na yanka Sakina, amma da yake ita ce ta shida kuma ta ƙarshe, ko mijinta Auta yake ce mata. Tana aure a cikin garin Wudil, tana da ɗan shagon buga takardu a bakin ƙofar jami'a, duk Asabar kuma takan zo duba uwarta. Hali ɗaya ne aka kasa raba ta da shi tun tana ƙarama: sai ta shiga ɗaki sannan take sallama.

Ta kunna fitilar wayarta, hasken ya faɗa cikin robar.

"Kaza kika yanka a ɗaka?" ta tambaya tana dariya. Sai hasken ya hau igiyar, ya bi tsummokaran ɗaya bayan ɗaya, ta daina dariyar.

"Kashe wannan abin," in ji Inna.

"Inna, jini ne fa."

"Na ce ki kashe."

Auta ta kashe, ta zauna a bakin gado.

"Ba tun shekarar auren Yaya Mas'uda kika daina ba?"

"Ke dai ba ki da ta ido."

"Tun yaushe ya dawo?"

Inna ta juya mata baya tana goge hannu da gefen zane. "Tun azumi."

Wata biyar ke nan. Duk wanda ya san Safara'u ba zai yi mamaki ba. Mace ce da ta haihu sau shida a wannan ɗakin, maƙwabta ba su taɓa jin ko nishinta ba, sai dai kukan jariri ya sanar da su. Ɗanta na fari, Lukman, yau shekararsa arba'in da shida, yana koyarwa a Kano, furfura ta fara fito masa, amma sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. In ta kama dole sai ta ce "mutumin Kano". Haka ta taras ana yi, haka ta riƙe, tana kuma alfahari da hakan a ranta.

Auta ta ce sai asibiti. Inna ta ce ko a ɗaure. Ita da tsufanta ta je ta kwanta wani ƙato sa'an jikanta ya tsaya a kanta? Suka yi ta ja, har Auta ta kawo wata dabara. Akwai wata nas a asibitin jami'a, Marta, Kirista ce 'yar ƙasar Tangale, tana yawan kawo mata aiki shago har suka saba. Mace ce mai hankali, ta kuma ji Hausa kamar jakin Kano.

"Ba sai kin je ba tukuna. Ki faɗa wa wayar nan yadda kike ji, in tura mata. Kamar a kunnenta kika raɗa."

"Ita kaɗai za ta ji?"

"Ita kaɗai, Inna."

Inna ta sa Auta ta sakaya ƙofa. Ta karɓi wayar da hannu biyu, ta kai ta dab da bakinta. Da farko maganar ta ƙi fita. Can sai ta ɓalle. Ta faɗi yadda jinin yake zuwa, da ruwan da ke biyo shi, da warin da ya sa take ƙona turare safe da yamma. Ta faɗi ciwon marar da ke hana ta miƙewa, da ledar da take shimfiɗawa a ƙarƙashin zanen gado, da yadda take tsayawa salla zuciyarta cike da shakka ko Allah zai karɓa. Ta kira wurare da sunayen da ko marigayi Malam Ɗantani, mijinta na shekara arba'in, bai taɓa ji daga bakinta ba. Daga ƙarshe ta ce, "'Yar nan, don girman Allah, maganar nan ta tsaya daga ni sai ke. Ko 'ya'yana maza ban yarda su ji ba."

Da ta miƙa wayar sai ta ji jikinta sakayau. Ranar har tuwo ta ci malmala guda da rabi, Auta tana tsokanarta wai ashe ba ciwo ba ne, yunwa ce.

* * *

Ranar Alhamis aka yi suna a gidan Mudassir mai gyaran famfo, matarsa ta sami ɗiya mace. Shekara talatin ke nan in ana taro a wannan unguwa Safara'u ce mai tuƙin tuwo. Tukunya mai cin kwano goma ba kowace mace ke iya juya ta ba tare da gudaji ba, ita kuwa nata tuwon sumul yake fita, har maza a zaure sukan gane hannunta. Ba a aika mata, ita ma ba ta jiran aike. Ta yi wanka, ta yi ƙunzugu biyu, ta turara zanenta, ta ɗauki muciyarta ta tafi.

Tun daga soro ta lura gaisuwar ta yi tsawo. Kowa ta gaida sai ya ƙara da "ya jiki?" yana karkata kai. Ta ce a ranta ko ramar da ta yi ce ta fito fili.

Ruwa ya tafasa, an yi talge, ta ɗaura ɗamara ta kama muciya. Juyi uku ta yi, sai ga Lantana, uwar maijego, ta dafa hannunta.

"Haba Inna, ki huta mana. Ga yara nan za su yi."

"Waɗanne yara? Waɗannan da ko koko sai sun yi masa gudaji?"

"Ai dole su koya wata rana." Lantana tana murmushi, amma ba ta saki muciyar ba, idonta kuma yana kan hannuwan Safara'u, ba a kan fuskarta ba. A hankali ta zare ta, ta miƙa wa wata yarinya, ta ce mata ƙasa-ƙasa ta ɗauraye ta tukuna.

Aka kai Inna rumfa. Mata sun fi ashirin zaune a kan tabarmi, amma da za ta zauna sai wata ta yi wuf ta shimfiɗa buhun leda a kan tata.

"Saboda danshi, Inna."

Ta duba hagu da dama. Danshin nan dai ita kaɗai ya sani, don ba wanda aka shimfiɗa wa komai. Duk da haka ta zauna, ta karɓi jaririya ta sa mata albarka. Bayan ɗan lokaci ta ɗauki buta ta nufi bayan gida.

Hanyar ta bi ta ƙarƙashin tagar ɗakin maijego. A nan ta ji wata tsohuwa tana magana a ciki, murya ƙasa-ƙasa, tana rawa. Ta ji tausayin mai muryar kafin ta gane ta. Mutum bai cika sanin muryarsa ba in ta fito daga wani wuri. Sai da ta ji an ambaci ledar ƙarƙashin zanen gado sannan ta gane muryarta ce ke fitowa daga waya.

"Allah sarki, baiwar Allah," wata ta ce a ciki.

"Ke maido baya, ban ji wajen warin nan ba."

Aka maido. Safara'u ta tsaya jingine da bango, ruwan sama na jiya yana jiƙa mata kafaɗa, ta saurari kanta tana tuɓe kanta a gaban matan unguwa. Ta saurara har ƙarshe, har inda take cewa don girman Allah maganar ta tsaya daga ni sai ke.

"Wayyo, ta ba ni tausayi. Turo min, in sa wa Goggo ta ji."

Ba ta koma rumfa ba. Ta ajiye butar a nan, ta bi ta gefen turke ta fita, ko muciyarta ba ta nema ba. A ƙofar gida maza suna zaune a kan benci ana rabon goro. Haladu, mijin 'yarta Mas'uda, ya hango ta, ya taso da sauri ya cire takalmi ya durƙusa, kamar yadda ya saba yi shekara goma sha bakwai. Tsakaninsu ba a taɓa wuce "ina kwana" da "ya yara" ba.

"Inna, ashe haka abu ya kasance? Mun ji saƙo, wallahi ban runtsa ba. Akwai wani mai magani a Lajawa, an ce irin wannan zubar ta mata, kwana uku yake tsayar da ita."

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta har ido. Da ƙasa za ta tsage a wannan lokacin, da ta gode mata.

* * *

Ba ta jira Asabar ba. Washegari Juma'a, ranar kasuwar Wudil, ta shiga motar 'yan kasuwa, aka matse ta tsakanin buhun barkono da wata mata mai kaji. Duk wanda ya taɓa aljihu a motar sai ta bi hannunsa da ido. Wani saurayi a gaba ya kunna wayarsa, ta kasa kunne, sai ta ji ashe wa'azi ne.

Manyan motocin shanu sun cushe hanya tun daga gada. Ta sauka ta ƙarasa da ƙafa, tana tafiya tana hutawa. A shagon ta tarar da ɗalibai uku suna jiran takardunsu, injin yana ta tofar da farar takarda. Auta ta ɗago kai ta gan ta, fuskarta ta sauya. Ta sallami ɗaliban, ta jawo ƙofa.

"Inna, lafiya? Ke da wa kika zo?"

"Ni da muryata. Ko da yake ita ta riga ni yawo."

Auta ta sunkuyar da kai.

"Wa kika ba?"

"Marta na tura wa, wallahi. Ta ce a kawo ki da gaggawa, jini bayan an daina al'ada ba abin wasa ba ne, sai an duba mahaifa. To ni kaɗai ina zan iya da ke? Na san in na faɗa wa su Yaya da bakina za su ce zuzutawa ce irin tawa. Shi ne na saka a guruf ɗinmu na gida, don su ji da kunnensu."

"Mene ne guruf?"

"Kamar zaure ne a cikin waya. Iyalan Malam Ɗantani. Mu ne kawai."

"Ku wa da wa? Karanto min."

Auta ta so ta kauce, Inna ta kafe ta da ido. Ta buɗe wayar ta fara karantawa. 'Ya'ya shida. Matan maza huɗun. Haladu, da mijin ita Autar. Jikoki waɗanda suka isa riƙe waya. 'Ya'yan ƙanin Malam na Ɗankaza da matansu. Wani ɗan ɗakin Malam da ya koma Legas tun tuni. Tun Inna tana lanƙwasa yatsu har ta daina.

"Mutum nawa ke nan?"

"Arba'in da bakwai."

"Jamil yana ciki?" Jamil jikanta ne, ɗan shekara goma sha biyar, wanda har bara a ɗakinta yake cin tuwo.

"Yana ciki."

Inna ta nemi kujera ta zauna. Abin da ya fi ƙona mata rai ba taron ba ne. Wannan yarinyar ce, wadda ta goya har ta shekara uku, wadda ita kaɗai take kira da suna gatsal, take wasa da ita, take ci kwano ɗaya da ita. Duk kunyar da ta yi wa sauran, a kan Auta ta huce ta. Ita ce ƙofa ɗaya da ta bari a buɗe, ta nan kuma aka shigo mata.

"Na tambaye ki, kika ce ita kaɗai."

"Inna, ban san za a fitar ba. Wata daga cikin matan su Yaya ce ta tura wa ƙawarta don a taya mu addu'a." Sai muryar Auta ta ɗaga, hawaye suka zubo. "Kuma ni ban ga laifina ba! Ciwo abin kunya ne? Ba wannan ɓoye-ɓoyen ne ya kashe Baba ba? Shekara biyu yana fama da fitsari, bai faɗa wa kowa ba, ke kin sani kika taya shi rufewa, sai da ya faɗi a gona. Ranar da aka binne shi muka yi alkawari, mu shida, ba za mu sake bari a yi mana haka ba."

Maganar ta soki Inna, don akwai gaskiya a cikinta.

"Ubanku ya mutu da suturarsa," ta ce a hankali. "Har aka sa shi a rami ba wanda ya shimfiɗa masa leda a gidan suna."

"To sutura ta fi rai ne?"

"Da kin tambaye ni, da na zaɓa da kaina. Ba ki tambaye ni ba." Ta nuna wayar da haɓa. "Cire ta. Ki kira su duk su cire."

Auta ta share hawaye da bayan hannu. "Ko na goge tawa, Inna, ta riga ta shiga wayoyin mutane. Ba ta dawowa."

* * *

Kwana biyun da suka biyo baya gidan bai rabu da baƙi ba. Wannan ta zo da sassaƙe a ƙulle, waccan da rubutu a gora, kowace kuma sai ta zauna ta ba da labarin wata da ta yi irin wannan ciwon, yawanci ma ta mutu. Masu ladabi a cikinsu sukan shaƙi iskar ɗakin a fakaice. Inna ta karɓi komai ta yi godiya, ta tura ƙarƙashin gado.

Ranar Litinin da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Lukman ne, ya biya ta Wudil ya ɗauko Auta. Ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakin daga waje, inda ya saba tsugunawa, labule a tsakaninsu. Ya gaishe ta, ta amsa a gajarce tana kallon bango. A da, daga nan sai ya ajiye tsarabarsa ya koma zaure, kowa ransa fari.

Yau sai ya gyara murya.

"Inna, na saurari saƙon nan sau uku."

Ta runtse ido.

"Ina so in san wasu abubuwa kafin mu je, don in iya yi wa likita bayani. Shi jinin, kullum ne ko yana ɗaukewa? Kuma da kika ce wajen yana..."

"Auta!" Muryarta ta fita da ƙarfin da ita kanta ba ta san tana da shi ba. "Ce wa mutumin Kano ya tashi daga nan."

"Inna, zamani ya wuce wannan. Ni ɗanki ne."

Ai don shi ɗanta ne. Ta rasa yadda za a yi mai ilimi kamarsa ya kasa gane wannan. Shekara arba'in da shida tana kauce wa idonsa, ba don ƙi ba, sai don wata irin daraja da ba ta da suna a bakinta. Ta ɗauka yana jin nauyin abin kamar yadda take ji. Ashe shi a wajensa tsohon yayi ne kawai, yana haƙuri da shi.

Ta tashi ta shirya, don ta ga in ba ta bi su ba tambayoyin ba za su ƙare ba. Ta naɗe wani tsohon zane gida huɗu ta sa a cikin jaka.

* * *

A kan bencin asibitin, tana zaune ta haɗa kai da gwiwa, ta ji ƙyas. Ta ɗago. Lukman ne ya ɗaga waya saitinta.

"Don 'yan'uwa su ga mun iso," ya ce, yana dannawa.

Ta kafe fuskarsa da ido, karo na farko tun yana jariri, shi kuwa hankalinsa yana kan abin da yake rubutawa.

Marta ta fito da kanta ta kama hannunta. Doguwa ce, baƙa, da ɗan gicciye a wuya. Auta ta miƙe za ta bi su, Marta ta tare ta da hannu, ta rufe ƙofa. Ta ciro wayarta daga aljihu, ta kashe a gaban Inna, ta jefa a aljihun tebur.

"Mama, na ji abin da ya faru. Ni ban tura wa kowa ba, Allah ne shaidata."

"Na yarda, 'yar nan."

"Ba namiji a nan. Ni kaɗai zan duba ki, a bayan wancan labulen, ba zai ɗauki lokaci ba."

Inna ta dubi labulen, kore ne mai kauri, har ƙasa. Hannun yarinyar nan da sanyi yake, muryarta ba gaggawa. Marar kuma tana ta sukarta tun a mota. Ta ji tana so. Wallahi tana so a duba, a ce mata ga abin da ke cinta, ko da mummuna ne. Har ta kai hannu bakin mayafinta.

"In kin duba, sai me?"

"Sai in rubuta abin da na gani, a kai ki babban asibiti a Kano, a yi hoto, a ɗebi ɗan nama a auna."

"Takardar wa za ki ba?"

"Ke zan ba, Mama. Taki ce."

"Ni ban iya karatun boko ba. Wa zai riƙe ta a can? Wa likitan zai yi wa bayani?"

"Waɗanda suka kai ki."

"Ita takardar, waya tana iya ɗaukarta? Da hoton cikin nawa?"

Marta ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta iya ƙarya ba, shi ya sa Inna ta ƙara jin tana ƙaunarta. Ta gilashin taga ana hango Auta da Lukman a tsaye a baranda, kowa ya sunkuya a kan tafin hannunsa, yatsu suna ta aiki.

Inna ta sauke hannunta daga mayafin, ta gyara shi ya rufe kafaɗa.

"Ai ya tsaya."

"Mama?"

"Jinin. Ya tsaya tun ranar Juma'a. Wani sassaƙe aka kawo min na sha. Ciwon ma babu. Dama don kada in ƙi bin su ne na zo."

Marta ta zagayo ta tsuguna a gabanta, ta riƙe hannayenta biyu. Ta dubi fatar idonta da ta yi fari fat, ta dubi yadda take zaune a karkace.

"Mama, ki dube ni. Ko da ya tsaya, tsayawa ba warkewa ba ce. Irin wannan in an kama shi da wuri ana samun sa'a. In aka bar shi, ba na so in faɗa miki ƙarshensa. Zan yi musu magana, zan ja musu kunne."

"An riga an ja. Har da girman Allah na haɗa su." Ta zare hannayenta a hankali. "Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu rufa miki asiri. Buɗe min ƙofa."

A baranda Marta ta ce wa Lukman, "Ta ce ya tsaya, ta kuma ƙi a duba ta. Ni hankalina bai kwanta ba. Don Allah ku lallashe ta ku dawo da ita."

"Ya tsaya?" Fuskar Lukman ta washe. Sauran maganar ko ta shiga kunnensa, ba ta zauna ba. "Alhamdu lillahi. To in ya dawo ai sai mu kawo ta."

* * *

A hanyar komawa hadari ya haɗo daga gabas, gero ya yi kore shar a dama da hagu. Inna tana baya ita kaɗai, zaune a kan zanen da ta naɗe. Auta ta juyo daga gaba, idanunta jajaye.

"Inna, da gaske ya tsaya? Ki faɗa min tsakaninki da Allah."

"Lafiya lau nake."

"Kin yafe min?"

"Dubi gabanki, kada wuyanki ya yi ciwo."

Auta ta jima tana kallonta, sannan ta juya. So take ta yarda, don haka ta yarda. Ta kai waya bakinta. "Salamu alaikum 'yan'uwa, albishirinku. Mun fito daga asibiti yanzu, Inna ta samu sauƙi, abin ya tsaya. Addu'arku ta karɓu. A sanar da sauran jama'a."

Kafin su wuce gona ta gaba wayoyin biyu sun fara ƙara, ɗaya na bin ɗaya. Lukman yana tuƙi yana murmushi, Auta tana karanto masa masu barka. Motar ta faɗa wani rami, Inna ta ciji leɓe, ta ji ɗumi yana ratsa zanen gida huɗu, yana wucewa.

Da suka tsaya a ƙofar gida Auta ta zagayo ta buɗe mata.

"Ku shiga, ina zuwa. Ƙafata ce ta yi sanyi."

Ta jira har suka shige soro, muryoyinsu suka yi nisa. Sannan ta dafa ƙofa ta miƙe da ƙyar, ta juya ta duba kujerar. Ta tofa yawu a gefen mayafinta, ta sunkuya, ta shiga gogewa da sauri kafin wani ya fito.